Kano zuwa Yamai ta jirgin sama: nisa, awanni da abin da ke cin lokacin matafiyi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan fitowa daga bakin masu shirin zuwa Yamai daga Kano: 'yan kasuwa, ɗalibai, masu kai amarya, da wanda aka buga wa waya cikin dare aka ce an yi rasuwa. Kusan kowa da tambayar nisa yake farawa, alhali nisan shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin tafiyar.

Kilomita nawa ne tsakanin Kano da Yamai ta sama?

Kimanin kilomita 700 ne, idan aka ja layi miƙe daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Diori Hamani da ke Yamai. Daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari kuwa ya ɗan haura haka kaɗan, domin filin jirgin Yamai yana kudu maso gabashin birnin ne, a bakin hanyar Dosso.

Don a gane ƙanƙantar wannan nisa: Kano zuwa Legas ta sama ya haura kilomita 800. Ke nan Bakano ya fi kusa da babban birnin Nijar a kan Legas da yake zuwa ya dawo a rana ɗaya.

Awa nawa jirgi zai yi idan ya miƙe ba tsayawa?

Jirgin jet na fasinja, irin Boeing 737 ko Embraer, yana gudun kilomita 800 zuwa 850 a awa idan ya gama hawa ya daidaita. Wanda ya raba 700 da wannan gudu zai samu minti 50 da 'yan kai, sai dai jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudunsa. Sai ya hau a hankali, kuma tun da sauran tafiya yake fara rage gudu yana gangarowa. Saboda haka a lissafa awa ɗaya zuwa awa ɗaya da minti 10 a cikin iska. Idan aka haɗa da jan jiki daga inda aka ɗauki fasinja zuwa titin tashi, da jiran izini, da isa wurin tsayawa bayan sauka, abin zai kai awa ɗaya da kwata ko ya ɗan wuce. Wannan na biyun shi ne kamfanoni ke rubutawa a jikin tikiti.

Jirgi mai farfela, irin ATR 72 da ke gudun kilomita 500 ko kusa da haka, zai ci awa ɗaya da rabi zuwa awa ɗaya da minti 45. Tsakanin zuwa da dawowa akan samu bambancin 'yan mintoci, gwargwadon inda iskar sama ta dosa a ranar.

Duk wannan lissafi na jirgin da ya tashi Kano ya sauka Yamai ne kai tsaye. Kafin ka gina shirinka a kansa, karanta amsar da ke magana kan jirgin kai tsaye.

Ta kan waɗanne garuruwa layin yake bi?

Yamai tana yamma da Kano, ta ɗan karkata arewa. Miƙaƙƙen layin yana ratsa jihar Katsina ta kudu da Dutsinma, ya shiga Zamfara ta tsakanin Gusau da Ƙauran Namoda, ya wuce ta kudu da Sakkwato, ya gifta arewa da Argungu, sannan ya tsallaka iyaka ya bi ta kusa da Dosso. Wajen kashi biyu cikin uku na tafiyar a sararin samaniyar Najeriya ake yin sa.

Matuƙi ba lallai ya bi wannan layi sak ba. Sama ma tana da hanyoyinta da aka shata, kuma akwai masu kula da su: a ɓangaren Najeriya hukumar NAMA, a ɓangaren Nijar kuwa ASECNA, wadda aka kafa a 1959, hedikwatarta na Dakar. Idan jirgi ya kusa iyaka, masu kula na wannan ɓangare sukan miƙa shi ga na wancan. Bin hanyoyin nan, ko kauce wa hadari, yakan ƙara 'yan kilomitoci.

Me ya sa alƙaluman da nake gani a intanet ba su zo ɗaya ba?

Ma'auni ne ya bambanta. Wani shafin zai rubuta 440, wani 380, wani 700, kuma duk gaskiya suka faɗa. Na farko mil ne na tudu, wanda kowane ɗaya kilomita 1.609 ne. Na biyu mil ne na teku, wanda matuƙan jirgi ke aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852. Na uku kilomita ne.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne lokacin da irin waɗannan shafuka ke bayarwa. Na'ura ce kawai ta raba nisa da gudu ta fitar da amsa. Za ta gaya maka awa ɗaya ko da babu wani jirgin fasinja da ke bin hanyar.

Akwai jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Yamai?

Kada ka sa rai da shi sai ka gan shi a jadawalin kamfani, da rana da lokaci. Abin da aka saba shi ne mai tashi daga Kano ya fara sauka Abuja ko Legas. Daga Abuja zuwa Yamai kimanin kilomita 745 ne, kuma kamfanin Air Peace ya buɗe wannan hanya a 2022, amma hanyoyin da ke tsakanin Najeriya da Nijar suna buɗewa suna rufewa, gwargwadon yawan fasinja da yanayin siyasa. Akwai kuma hanyar Lome, cibiyar kamfanin ASKY, da ta Abijan, cibiyar Air Côte d'Ivoire.

Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. A Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925, kuma filin jirginta shi ne mafi daɗewa a ƙasar. Garin da jiragen da ke tsallaka Sahara suka riƙa yada zango a cikinsa, yau mutuminsa sai ya gangara bakin teku kafin ya je wurin ɗan'uwansa da suke magana da harshe ɗaya.

To idan sai an yada zango, awa nawa tafiyar za ta ci gaba ɗaya?

A nan ne lissafi ke canzawa. Ɗauki hanyar Lome: Kano zuwa Legas kimanin kilomita 830, Legas zuwa Lome kimanin 230, Lome zuwa Yamai kimanin 815. Jimla ta kusa kilomita 1,900, wato ta ninka miƙaƙƙen layin fiye da sau biyu da rabi. Zaman cikin jirgi kaɗai zai kai awa huɗu. Sauran lokacin kuma a kan kujerun filin jirgi yake tafiya: isa da wuri kafin tashin farko, karɓar kaya a Legas, fita daga tashar jiragen cikin gida a nemi mota zuwa ta ƙasa da ƙasa (ba gini ɗaya ba ne), sake awon kaya, layin jami'an shige da fice, sannan jira a Lome. Idan komai ya tafi daidai, wuni ne cur. Idan jirgin Kano bai dace da na Legas ba, kwana ya kama ka.

Ni kaina na taɓa gani. Rasuwa aka yi mana a Yamai cikin watan Janairu, na ce zan bi jirgi don in samu zaman makoki tun da wuri. Kawuna ya ce shi mota zai bi. Da asuba muka rabu. Hazo ya rufe Kano a ranar, har ba ka iya hango ƙarshen titin jirgi ta gilashin zauren jira, jirgin da zai ɗauke mu bai samu sauka ba sai bayan azahar. Kafin mu isa Legas na Lome ya tashi. Tikiti biyu ne daban a hannuna, don haka babu wanda ya ɗauki nauyin kwanana. Washegari da la'asar ina zaune a Lome wayata ta yi ƙara. "Ɗana, kana ina ne? Mu ga mu a gidan, har an yi addu'a." Na ce, "Kawu, ina hanya, a yi mini gaisuwa kafin in iso." Bayan isha na shiga gidan.

Abin da na koya daga ranar shi nake gaya wa kowa: idan da hali, sayi tikiti ɗaya da ya haɗa dukkan zangon, domin a nan ne kamfani ke da alhakin sa ka a jirgi na gaba idan na farko ya makara. Idan dole sai tikiti biyu, bar tazarar awa huɗu ko biyar a tsakani, ko ka kwana a garin da za ka tashi. Ta Abuja, idan an dace akwai jirgin Yamai a ranar, tafiyar ta fi gajarta nesa ba kusa ba, don Kano zuwa Abuja kilomita 360 ne da ɗoriya.

Akwai bambancin agogo tsakanin garuruwan biyu?

Babu. Najeriya da Nijar agogonsu ɗaya, awa ɗaya gaba da GMT. Inda ake rikicewa shi ne wurin yada zango: Togo da Kodebuwa da Burkina Faso suna bayanmu da awa ɗaya. Lokacin da aka rubuta a tikiti kuma na garin da jirgin zai tashi ko zai sauka ne. Shi ya sa za ka ga kamar jirgin Legas zuwa Lome ya sauka kafin ya tashi, na Lome zuwa Yamai kuma ya yi kamar ya ƙara awa guda.

Agogo ɗaya ne, amma rana ba ɗaya ba. Da yake Yamai tana yamma da Kano da fiye da digiri 6, rana takan faɗi a can bayan ta faɗi a Kano da kimanin minti 25. Dubi amsar sallah da azumi a ƙasa.

Mota ko jirgi, wanne ya fi?

Ta ƙasa tafiyar ta haura kilomita 900. Hanyar da aka fi bi ita ce Kano zuwa Katsina, zuwa Jibiya, a tsallaka iyaka ta Magama a shiga Ɗan Isa, sai Maraɗi. Daga Maraɗi a hau babbar hanyar Nijar mai lamba 1, wadda ta bi ta Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso har Yamai, kimanin kilomita 660. Wasu sukan bi ta Sakkwato su fita ta Illela su faɗa Ƙonni, mutanen Kebbi kuma ta Kamba zuwa Gaya.

Manyan motocin safa na Nijar, irin su Rimbo da STM, sukan tashi tun kafin asuba, saboda haka mai fitowa daga Kano yakan kwana Maraɗi, ya yanki tikiti da yamma, washegari ya wuni a hanya ya shiga Yamai kafin dare. Kwana ɗaya da wuni ke nan. Akwai tsayawa a shingayen 'yan sanda da jandarmomi da na duwan (kwastan), inda fasinja ke sauka a duba takardu, kuma wannan ma lokaci ne da ba ya cikin lissafin kilomita.

A ganina, mai lafiya da ke ɗauke da kaya, wanda kuma kuɗinsa ƙididdigagge ne, mota ta fi masa, domin bambancin lokacin bai kai bambancin kuɗin ba matuƙar jirgin sai ya zagaya ta Lome. Tsoho, da maras lafiya, da mai jego, jirgi ya fi musu ko da zai ci wuni. Sai kuma maganar tsaro, wadda ba a wasa da ita: yankin Jibiya da wasu sassan Zamfara da Sakkwato sun sha fama da 'yan bindiga, haka wasu yankunan jihar Dosso. Kada a yi tafiyar dare, kuma a tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a makon da za a tashi, ba labarin watan jiya ba.

Me ya sa tikitin ke da tsada alhali tafiyar gajera ce?

Dalili na farko yana cikin amsar yada zango: kujerar jirgi uku kake biya, ba ta ɗaya ba. Na biyu, tafiya ce ta ƙasa da ƙasa, kuma harajin filin jirgi da kuɗin tsaro da sauran caje-cajen da gwamnatoci ke ɗorawa a Afirka ta Yamma suna da nauyi, ba ruwansu da gajartar hanya. Na uku, fasinjan ba su da yawa, kamfanonin da ke gasa a hanyar ma ba su da yawa. Tun 1999 ƙasashen Afirka suka amince da matsayar Yamoussoukro ta buɗe wa juna sararin samaniya, a Janairun 2018 kuma Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya, amma har yanzu matafiyi bai gani a farashin tikitinsa ba.

Juyin mulkin Nijar ya shafi zirga-zirgar jirage?

Ƙwarai kuwa. Bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi a ranar 30 ga watan, ciki har da rufe iyakoki da hana jiragen fasinja zuwa Nijar ko fitowa daga can. Nijar ta rufe sararin samaniyarta a ranar 6 ga Agusta, ta sake buɗewa a farkon Satumba. A farkon Fabrairun 2024 kuma ta hana jiragen da ke zuwa Najeriya ko fitowa daga cikinta. ECOWAS ta ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, a watan Maris kuma ƙasashen biyu suka buɗe iyakarsu ta ƙasa.

Watannin nan sun nuna wa kowa cewa kilomita 700 na iya zama tafiyar da ba ta yiwuwa. Iyalai da ke da rabi a Katsina rabi a Maraɗi sun ji jiki, 'yan kasuwar Dawanau da Kantin Kwari ma haka. Saboda haka kafin ka biya kuɗin tikiti, tabbatar daga bakin kamfanin cewa jirgin yana tashi a wannan makon.

Waɗanne takardu zan riƙe? Ana buƙatar biza?

Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, suka tsaya a ƙungiyarsu ta ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. A ranar ECOWAS ta sanar cewa ƙasashenta za su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, su kuma bar su su shiga ba biza har sai an sanar da wani sabon tsari. Ƙasashen AES ma sun ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS ba tare da biza ba. Tun da magana ce da gwamnatoci ke iya sauyawa, a leƙa ofishin jakadanci ko a tambayi kamfanin jirgi kafin tafiya.

Ta jirgi, riƙe fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata shida. Kada ka dogara da cewa a kan iyakar ƙasa an saba wuce ka da katin shaida, filin jirgi dabam ne. Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Allurar tana fara aiki a takarda bayan kwana 10 da yin ta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Wanda ya bari sai ana gobe tafiya ya je yin allurar ya makara.

Wane lokaci ne na shekara jirage suka fi makara?

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, takan rufe Kano da Yamai duka biyu, wani lokaci kwana biyu ko uku a jere. Kowane filin jirgi yana da iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa kafin a ba shi izinin sauka. Idan hazo ya kai ganin ƙasa da wannan iyaka, jirgi zai jira, ko ya juya zuwa wani gari. Ba taurin kan kamfani ba ne, kuma matuƙin da ya ƙi sauka a irin wannan rana ya kyauta maka.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, matsalar hadari ce. Yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, galibi da yamma ko cikin dare, amma ba ya daɗewa kamar hazo, awa ɗaya ko biyu ya wuce. Jirgin safe ya fi tsira daga gare shi. A bazara kuma, watannin Afrilu da Mayu da zafin Yamai ke haura digiri 40, iska takan rage kauri saboda zafi, ƙaramin jirgi ya kasa ɗaukar nauyin da ya saba, har a bar wasu jakunkuna su biyo jirgi na gaba. Magani da takardu da kayan sawa na kwana ɗaya su kasance a jakar hannunka.

Yaya batun sallah da azumi a wannan tafiya?

Nisan ya wuce na ƙasaru nesa ba kusa ba, tun da a mazhabar Malikiyya abin da ake lura da shi kilomita 80 ne da 'yan kai, kuma ba a duba ko a jirgi aka yi tafiyar ko a mota. Filayen jirgin Kano da Abuja da Yamai duk akwai wurin sallah.

Mai azumin da ya zaɓi ya ci gaba da azuminsa ya tuna da minti 25 ɗin da aka ambata a amsar agogo. Idan ka sauka Yamai da yamma, kada ka sha ruwa da jadawalin Kano da ke cikin wayarka, jira kiran sallar garin. A cikin jirgi kuma faɗuwar ranar da kake gani ta taga ita ce abin lura, kuma a sama rana takan ɗan jima ba ta faɗi ba bayan ta faɗi ga mutanen da ke ƙasa.

Wane kuɗi zan riƙe, kuma yaya zan shiga gari idan na sauka?

Sefa. Naira tana karɓuwa a garuruwan bakin iyaka, amma a Yamai ba za ta biya maka tasi ba. Yi canji tun a Kano, a Wapa ko wurin ɗan canjin da ka sani, ka nemi ƙananan takardu. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, don haka hawa da saukar da kake gani a farashin canji yawanci daga ɓangaren naira yake.

Koyi ƙirgen mutanen Nijar kafin ka yi ciniki. Da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai tasi ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi, jika ɗaya kuma sefa 1,000 ce. Daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari kilomita 10 ne ko kusa da haka. Zabarmanci ne ya fi yawa a Yamai, Faransanci kuma a ofisoshi, amma da Hausa za ka yi cinikinka a kasuwa da tasha ba tare da tafinta ba. A daidaita kuɗin mota kafin a sa kaya a but.

Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi zai rage wannan wahala?

Zai rage wani ɓangare. Layin, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka kuma ba kamfanin Mota-Engil aikinsa, tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. A Maraɗi ya tsaya. Mai zuwa Yamai zai sauka a nan ya nemi motar safa, kilomita 660 na jiransa kamar yadda aka bayyana a amsar mota ko jirgi.